Kat-kat ɗin Sallau da Irin Geron Inna Gimbiya

Ni Auwal, shekarata ashirin da uku ina facin taya a bakin tashar Magariya, kuma in aka ce in faɗi mutum ɗaya da ya taɓa sa ni tunanin barin sana'a, Sallau zan faɗa. Abokina ne tun muna lakwal, wato makarantar boko. Shagonsa na sabulu da sukari yana kallon rumfata, tare muke shan shayi kullum. Wallahi ba shi da mugunta ko ta ƙwayar zarra. Ciwonsa guda ne: in ya kalli abu sau ɗaya a salula, to ya fi wanda ya ƙera shi saninsa.

Bara waccan wani poroje na haƙar rijiyoyi ya tashi, aka yi gwanjon kayansa. Sai ga Sallau da wata tsohuwar kat-kat fara mai buɗaɗɗen baya, irin motar nan da ake cewa ƙafafunta huɗu duka suna ja. Tun daga ranar ya hana a ce masa Sallau, sai Patoro, wato maigida. Tafiyar motar kuwa ba ta wuce daga gidansa zuwa shago, taki ɗari uku a kan gudro, titin kwalta ke nan. Amma in ya zauna bakin shayi yana ba da labarin yadda ake hawa tudun rairayi, sai ka rantse a Agadas aka yanke masa cibiya.

Wata safiya ya kira ni. "Auwal, zo ka ga abin kunya. Dubi tayoyin nan, sumul kamar tafin hannun jariri. Da me za su kama ƙasa?"

Na ce, "Patoro, tayoyin rairayi ne. Masu rijiyar nan ba mahaukata ba ne. A ƙasarmu faɗi ake nema, ba haƙori ba. In ka shiga rairayi ka rage musu iska, su baje, su bi ta sama. Magana ta ƙare."

"A rage iska?" Ya dube ni sheƙeƙe. "Kai ka taɓa ganin an rage wa ɗan kokowa tuwo don ya ƙara ƙarfi?"

Ya zaro salula ya tura mini a hanci. Wasu turawa ne a wani ƙurmi, mota ta nutse cikin taɓo har madubi, tayoyinta masu haƙora gaɓa-gaɓa suna watsa laka sama.

Na ce, "To ina ka ga wannan taɓon tsakanin nan da Dungas?"

"Motar da ta cinye taɓo, ai rairayi karin kumallo ne a wurinta. Matsalarka, Auwal, kai a faci ka tsaya, ilimi ya wuce ya bar ka."

Ran nan na haɗiye shayina da ƙyar.

Bayan kwana huɗu ya tsallaka iyaka ya dawo da tayoyi huɗu, kowane haƙori ya kai dunƙulen hannu. Na ce sun yi wa motar girma. Ya ce motar ce za ta girma ta same su. Na ɗaura, tunda ni aikina ɗaurawa ne. Da ya tayar ya murza sitiyari hagu sai muka ji ƙuuu, taya ta kama jikin mota ta ƙi saki. Dama tana ɗan yarda, hagu ko kusa. Mako guda Patoro in zai zo shago sai ya zagaye kasuwa kaf, dama, dama, dama, yana ɗaga wa mutane hannu kamar da gangan yake yi. Mai tsire ya tambaye shi ko gaisuwar gari yake. Ya ce sababbin tayoyi sai an zagaya da su sun san hanya. Daga baya dai ya kai wa mai walda aka yanke ƙarfen da ke saman ƙafafun, motar ta koma kamar wadda ta naɗe wando za ta tsallake korama.

Sai batun iska. Ya tsaya kaina ina busawa.

"Ƙara."

"Patoro, ta isa."

"Ƙara, na ce. Ina so in buga in ji ta amsa."

Na ƙara har injina ya fara tari. Ya buga tayar da ƙafa, ya yi tsalle yana riƙe da babban yatsa, ya ce yanzu aka yi magana.

Ban gama hutawa ba ya ga wani hoton kuma, na ƙasar da ƙanƙara ke rufe hanya, inda suke naɗa wa taya sarƙa. Ya tafi wurin maƙeri aka ƙera masa biyu don ƙafafun baya. Ranar da ya gwada su a kan gudro, jakuna uku suka tsinke igiya, mai ƙosai ta kifar da kasko, jandarma ya fito da gudu yana tambayar ina ake faɗa. Aka ce in ya sake ɗaura su cikin gari zai kwana a ofis. Ya ajiye su a bayan mota, ya ce dama ba don gari aka yi su ba.

Na ƙarshe shi ne nauyi. Wai bayan mota ba shi da nauyi, sai an danne shi taya take cizo. Ya kwaso buhunan sukari fanko daga shagonsa guda shida, ya zuba musu rairayi rabi-rabi don ya iya ɗagawa, ya jera a baya. Mutanen tasha suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ajimi, wani tsohon Babarbare da ke jan akori-kura tsakanin Magariya da Dogo-Dogo, ya ce, "Patoro, in rairayi za ka kai musu can, ka yi haƙuri, bana suna da saura."

To a daidai lokacin surukarsa tana gidansa. Inna Gimbiya, mahaifiyar matarsa Nafi, wadda ita ce autarta, ta zo daga Tudun Gawo, wani ƙauye a bayan Dogo-Dogo, aka yi mata aikin yanar ido. Wata biyu tana jinya, da baƙin tabarau a fuska. Kuma ba ita kaɗai ta zo ba, da irinta ta zo: gero tiya goma sha biyu cikin wani tsohon buhu duk faci. Irin marigayi mijinta ne. Shekara talatin yana bin gona kowace kaka yana zaɓen zangarniyar da ta fi tsawo, ta fi saurin nuna, yana ware ta daban. Da ya rasu ta ci gaba. Ba wanda ke da wannan irin sai ita, kuma ta ƙi barinsa a rumbu don ta san in yunwar bazara ta matsa, wani zai ce a ɗan ɗebi kaɗan. A ƙarƙashin gadonta yake kwana.

Tsakaninta da Sallau kuwa kunya ce irin ta da. Shekara goma sha tara da auren, in ban da gaisuwa, wadda yake yi a tsugune yana kallon bango, ba su taɓa yi wa juna magana kai tsaye ba. Ko da kamu ɗaya ne tsakaninsu, sai maganar ta bi ta kan Nafi. Ita ba ta kama sunansa, shi ba ya ɗaga ido.

Ranar Laraba da hantsi aka bugo waya daga ƙauye: ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙa kamu guda. Duk wanda ya tashi a karkara ya san lissafin. Yau da gobe ne a hannu, jibi ƙasa ta bushe, sai kuma yadda Allah ya yi. Kafin a rufe wayar Inna ta naɗe tabarmarta. Nafi ta rako ta tasha da buhun a ka, Ajimi har ya share mata gaban mota.

Sai ga Patoro ya tsallako titi takalmi a hannu.

"Nafi, ce wa Inna ina raye ba za ta shiga motar haya ba. Mutane su ce me? Mai kat-kat guda a unguwa, surukarsa cikin awaki?"

Inna ta juya fuska gefe. "Auta, ce wa mai gidanki an gode. Ni dai a kai ni kafin ƙasa ta bushe."

"Ce mata azahar a tsakar gidanta za ta yi ta. Kai kuma Auwal, rufe rumfar nan ka shigo. Ina so idonka ya gani, don gobe kada ka ce labari aka ba ka."

Na shiga. Allah ya sani, son kallo ne ya kai ni.

Da zai ɗora kaya sai ya tsaya yana duban buhun irin yana yatsina fuska. Wai wannan tsumma ba zai hau motarsa ba. Ya ɗauko sabon buhun sukari ya juye geron a ciki, ya ɗaure, ya ajiye kusa da 'yan uwansa shida. Ina kallo, kuma ban ce komai ba. Wannan laifin nawa ne, har gobe ina jin haushin kaina.

Daga Magariya zuwa Dungas hanyar jar ƙasa ce mai gargada. Tayoyin nan da aka cika kamar dutse ba sa haɗiye ko tsakuwa ɗaya, duk abin da suka taka sai sun aiko mana shi har haƙori. Kaina ya gaisa da rufin mota ya fi sau goma. A kujerar baya Inna ta riƙe tabarau da hannu ɗaya, ɗankwali da ɗaya.

"Auta, tambayi mai motar, likita ya ce kada in daka, kada in yi surfe. Shi a turmi ya sa ni?"

"Nafi, ce wa Inna ƙarfi ne ya yi wa motar yawa. Da mun shiga rairayi za ta ji kamar a katifa."

Nafi ta ce, "Ai kun ji juna, ni ku bar ni in ji da wuyana."

Bayan Dungas rairayi ya fara, busasshe ƙamas, don ruwan bai zo ta nan ba. Patoro ya tsaya ɗaura sarƙa. Muna cikin fama sai ga Ajimi, mutum ya kai ashirin a motarsa, da akuya a sama tana kallon duniya. Ya sauko, ya karyi ɗan tsinke, ya bi tayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, fiiis, fiiis, har suka ɗan baje.

"Patoro, ba ni tsohuwa in wuce da ita. Kai ka taho a hankali da kayan yaƙinka."

Na ga Inna ta ɗan motsa ƙafa za ta sauko. Amma ta san in ta sauka ta tsinka surukinta a gaban mutum ashirin. Ta mayar da ƙafar.

Sallau ya ce, "Wuce, Baba Ajimi. In na tarar da kai a gaba ka kafe, ina da igiya."

Ajimi ya wuce sululu, ko ƙura bai tayar sosai ba.

Ba mu yi tafiyar minti goma ba muka zauna. Haƙoran nan da sarƙa ba tafiya suka sani ba, haƙa suka sani. Patoro na taka wuta, su kuma suna tona. Na ce ya ja ƙaramin sandan nan da ke sa ƙafafun gaba su kama. Ya ce haba, wannan ɗan wurin bai kai a sa kat-kat ba, sai babban aiki. Wasu masu ban ruwa a rijiya suka bar shanunsu suka zo suka tura mu, suka sha rairayi har kunne.

Karo na biyu ya bar sawun motoci don ya wuce wani amalanke, wai ba zai bi bayan sa ba. Muka sake zama. Wannan karon ya zaro igiyar guga, ya ɗaura a wani kalgo, ya naɗa ɗaya bakin a jikin taya, wai haka turawa ke janyo kansu. Ya taka wuta. Kalgon ya taso da saiwarsa ya zo ya same mu. Mai amalanken ya iso, ya yi sallama, ya tambayi ko itace muke yi. Shi ya fitar da mu da sansa.

Azahar a gindin aduwa muka yi ta. Inna ta idar da salla, ta ɗaga kai wajen rana, ta ce, "Auta, tambayi mai motar, tsakar gidan nawa ne aka faɗaɗa haka?"

Patoro ya tashi ya tafi duba sarƙa.

Sai bayan la'asar muka shiga inda ruwan ya sauka. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugo mu, Inna ta ja numfashi ta ce alhamdulillahi. Rairayin ya daskare, mota ta kama gudu, sarƙa na kaɗawa, bakin Patoro ya dawo.

"Auwal, ka gani? Ka gani da idonka? Faɗi gaskiya ko da ba ka so!"

Ga Tudun Gawo can, ga rumbuna. Hagu da dama gonaki cike da mutane, maza na sara da sungumi, mata na bi suna zuba iri suna rufewa da diddige. Hanyar shiga garin burtali ne, wato hanyar shanu tsakanin gonaki. Da Patoro ya ga jama'a sai ya danna oda, ya leƙo da kai, ya tsaya cak a tsakiyar burtalin don a zo a ga mota.

Aka kuwa zo. Aka ajiye sungumi, aka kewaye mu, ana yi wa Inna barka da ido. Ya sauko ya yi musu lacca a kan haƙori da sarƙa, har da buga taya da sanda don su ji amo. Inna ta ce a gaya wa mai motar rana tana tafiya. Ya koma ciki, ya ce kowa ya matsa baya kada iska ta ɗebe shi, ya taka wuta har ƙasa.

Abin da bai sani ba, duk manomin da ke wurin ya sani. Ruwan farko kamu guda yake jiƙawa, ƙasansa busasshen rairayi ne. Sarƙa ta yanke jiƙaƙƙen kamar wuƙa, ta faɗa busasshen. Kafin a ƙirga biyar bayan motar ya zauna daram a kan cikinsa, gabanta ya ɗaga sama kamar mai roƙon ruwa.

Wani dattijo mai sungumi ya ce, "Ikon Allah. Ashe har yanzu tana tuna aikin rijiya."

Patoro ya goge zufa. "Jama'a, ba komai. Yanzu ne zan sa kat-kat ɗin. Yanzu za ku ga abin da aka saya."

Ya kama ƙaramin sandan da hannu biyu ya ja. Ya taka. Ƙafafun baya suka yi ta kuka, na gaba ko gezau. Ya sake ja, ya sake takawa. Suna tsaye abinsu suna kallonmu.

Na ce a kashe. Na kwanta rub da ciki na rarrafa ƙarƙashin gaba. Ni mai taya ne, ban taɓa leƙa cikin motar ba, dama ba ya barin kowa ya leƙa. Na duba inda sandar ƙarfen da ke kai ƙarfi ƙafafun gaba ya kamata ta kasance. Wayam. Sai ramukan ƙusa huɗu da tsatsa ta cinye, da gidan zanzaro a ɗaya daga ciki.

Na fito ina kakkaɓe riga. Na so in faɗa masa a kunne, amma haushin haɗiyar shayin nan bai sake ni ba.

"Patoro, sandar gaba babu. Tun kafin gwanjo aka cire ta. Motarka ƙafa biyu gare ta, kamar ni da kai."

Kai, dariyar da aka yi a burtalin nan, na tabbata an ji ta a Dogo-Dogo. Wata mata ta zauna a ƙasa tana dukan cinya. Dattijon nan ya ce to ai da babur ya saya da ya huta. Fuskar Sallau ta yi wani iri. A gaban dangin matarsa fa, kaf ɗinsu.

"Ƙarya ne! Ko da ƙafa ɗaya ce sai ta fita!"

Ya daka tsalle bayan mota, ya fizgo buhu, ya cusa shi gaban tayar baya, ya tattaka da ƙafa, ya faɗa ciki. Nafi tana cewa, "Malam, tsaya mana," ni ina cewa a kawo shanu. Ina! Ya taka wuta.

Sarƙa ta kama buhun ta farke shi tun daga baki har gindi. Wani abu ya tashi sama ya yi rumfa a kan jama'a, yana zuba a kan huluna da ƙwarya, yana buga jikin mota tsar-tsar-tsar.

Inna tana zaune a ciki, ba ta ga komai ba. Kunnenta ne ya gaya mata.

"Wannan ba ƙarar rairayi ba ce."

Ta buɗe ƙofa da kanta ta sauko. Dariya ta ɗauke ɗif. Ta sunkuya ta shafa ƙasa, ta ɗago hannu, ƙwayoyin gero sun manne a tafinta. Ta daɗe tana murza su da yatsa.

"Sallau."

Shekara goma sha tara ba ta taɓa kama sunan ba. Injin ya mutu. Ya fito, bai ko tsaya neman takalmi ba, ya zube gabanta.

"Kai nake wa magana, ba Auta ba. Ka san abin da ka watsar? Shekara talatin ta mutumin da ya ba ka 'yarsa ce. Ni ban ci shi ba da yunwa, ban sayar ba da ciwo. Na ɗauke shi daga ƙauye don kada a taɓa, na kawo shi gidanka."

Ta dunƙule ƙwayoyin a hannunta. Wallahi ni da na zo kallo sai na ji kunya ta rufe ni. Sallau ya dafe ƙasa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai.

Matan garin ba su tsaya jaje ba. Aka ruga gida aka kwaso rariya da faifai, aka durƙusa ana tankaɗe burtali, wasu na korar zabi da kaji da suka riga suka ji labari. Kafin magariba abin da aka tsamo tiya uku ne da ɗan kai. Sauran sarƙa ta cakuɗa shi da jiƙaƙƙiyar ƙasa, taki arba'in a bayan mota, wani kuma ya shige ƙarƙashinta.

Washegari da sassafe aka shuka tiya ukun a kusurwar gonarta. Maƙwabta suka kawo nasu irin a cike sauran, ta yi godiya, ta ce a bar mata tsakiyar gonar fili. Sannan aka zo da shanu huɗu za a janye motar. Patoro har ya fara nuna inda za a ɗaura igiya.

Inna ta ce, "Auta, ce musu su mayar da shanunsu."

Aka dube ta.

"Irina yana cikin ƙasar nan, kuma ƙasar da danshi. Zai fito. In ya yi kwana ashirin a cire a dasa. Shanu huɗu da mota su bi ta kansa? Ba mai motsa ta. Ce wa mai motar shi ya shuka, shi zai tsare."

"Nafi, ce wa Inna shago fa..."

Nafi ta ce, "Wannan kam ba zan kai ba. Ba ni makullin shagon."

Haka aka yi. Ni da Nafi muka dawo a motar Ajimi, wanda duk hanya kafaɗarsa ke rawa don dariyar da yake ƙunshewa. Patoro ya zauna. Ya saro ƙaya ya kewaye wurin, ya bar wa shanu gefe guda su wuce. Safe da yamma yana tsaye da kara yana ba makiyaya haƙuri, da rana yana tsere da awaki, in ya gaji ya shiga mota ya miƙe. Mutane daga ƙauyukan kusa suka riƙa zuwa musamman su ga gonar da aka shuka da taya. Da na kai masa ziyara ranar kwana tara, ya yi baƙi, ya rame, wuyan rigarsa ya yage. Geron kuwa ya fito cunkus, kore shar, har ta ƙarƙashin mota yana leƙowa.

"Auwal, ka lura?" Ya rage murya. "Abin da mutum goma za su shuka a wuni, ni a ƙiftawar ido. In aka gyara dabarar nan..."

Na ce, "In ka ƙarasa maganar nan zan kira Inna."

Ya juya ya tafi korar wata akuya.

Ranar kwana ashirin da biyu aka yi ruwa mai kyau. Ya bi tsiron ɗaya-ɗaya yana cirewa da ƙasarsa, yana kaiwa a ƙwarya, yana dasawa a durƙushe. Kwana uku yana yi, Inna na biye da shi, ta cire tabarau, tana nuna inda ya karkace. Sai da aka cire na ƙarshe ta yarda shanu suka taɓa motar. A Dungas ya bar ta wurin wani makanike, ya ce a nemo mata sandarta, a mayar mata da tsofaffin tayoyinta, kada kuma a gaya wa Auwal.

Da kaka muka koma tare, don ya ce sai ya ga girbi. Dashen bai kama duka ba, amma abin da ya kama ya yi zangarniya har ta fi hannuna tsawo. Inna ta bi gonar da kanta tana zaɓe. Da za mu taho ta fito da wani ƙullin tsumma, ta ajiye a ƙasa tsakaninta da shi.

"Auta, ce wa mai gidanki na tsufa, kuma iri a wuri ɗaya hatsari ne. Ga rabi, ya ajiye a wurinsa. A duk zuri'ar nan ba wanda ya san wahalarsa kamar shi."

Sallau ya tsuguna ya ɗauka da hannu biyu. A tasha Ajimi ya miƙa hannu zai ɗora ƙullin a saman mota tare da kaya, ya make masa hannu. A cinyarsa ya riƙe shi, ya rufe da babbar riga. Tun daga Dogo-Dogo har Magariya ina jira ya fara ba fasinja labarin yadda ya ceci irin, har na shirya abin da zan mayar masa. Bai ce uffan ba. Duk ramin da muka faɗa, sai dai in ga ya ƙara ƙanƙame ƙullin.